Yadda Ake Samar da Gas ɗin Girki daga Ragowar Abinci a Gida

A duk gidan da ake ɗora tukunya sau biyu ko sau uku a rana a cikin garin Bauchi, akwai abin da ke fita daga madafa wanda mutum ba zai ci ba, wani lokaci akuya ma sai ta shinshina ta wuce: ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon dankali da na doya, ruwan wankin shinkafa, ƙasari, miyar da ta kwana ta lalace, da ƙullun masar da ya wuce lokacinsa. Yawancin wannan kaya a magudanar ruwa yake ƙarewa ko a bola, inda yake ruɓewa yana tara ƙuda. Idan kuwa aka rufe shi a cikin tankin da iska ba ta shiga, aka haɗa shi da ƙwayoyin halittar da ke cikin ɗanyen kashin shanu, ruɓewar tasa tana fitar da iska mai kama wuta, wadda ake kira bayogas, kuma ana iya jan ta da tiyo har zuwa murhu a dafa abinci da ita.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1776 masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya tattara iskar da ke tasowa daga taɓon bakin tafki ya tabbatar tana ci da wuta, kuma miliyoyin gidaje a karkarar Sin da Indiya sun daɗe suna girki da gas ɗin kashin dabbobi. Tsarin da za a bayyana a nan ya fito ne daga wata cibiyar fasahar karkara mai suna ARTI da ke birnin Pune a Indiya, wadda ta tsara shi domin gidajen birni marasa garke, har ya ci lambar yabo ta Ashden, wadda ake bayarwa kan makamashi mai ɗorewa, a shekarar 2006. Abin da ya sa ya dace da mu shi ne, tankunan ruwa na roba guda biyu da bututun masu aikin famfo su ne kusan dukkan kayansa.

Sai dai tun da farko a san abin da ba na tanki ba ne. Tuwon da zai yi ɗumame, da abincin da za a miƙa wa almajiri ko maƙwabci, da ƙanzon da ake shanyawa, da dusar da awaki ke jira, duk suna da masu su, kuma zuba su a tanki almubazzaranci ne komai yawan gas ɗin da za su bayar. Tanki na abin da ya riga ya fita daga hannun mutum da dabba ne.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi komai

Kilo ɗaya na ɗanyen ragowar abinci yana ba da gas wajen lita 100, ya ɗan haura idan kayan masu sitaci ne irin shinkafa da tuwo, ya ragu idan ganye da ɓawo suka fi yawa. Kan murhu ɗaya yana cin tsakanin lita 200 zuwa 400 a awa, gwargwadon girmansa da yadda aka buɗe shi. Ke nan gidan da ke samun kilo 2 na ragowa a kullum zai samu wutar rabin awa zuwa awa ɗaya: ruwan shayi, kunun safe, ɗumame, ko soya ƙwai. Ba za ta dafa wake ko ganda ba, balle tuwon gidan mutum ashirin.

Idan aka kwatanta da gas ɗin silinda, lita 1,000 na bayogas yana daidai da abin da bai kai rabin kilo ba. Lita 200 a kullum, a wata ya zama lita 6,000, wato kusan kilo 3 na gas ɗin silinda, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na silinda mai kilo 12.5. Wanda ya ninka abincin tanki zuwa kilo 4 zai ninka wannan. A ganina duk wanda ya shiga harkar da niyyar sayar da silindarsa zai ƙare da takaici, amma wanda ya shige ta domin ya rage yawan zuwa wurin ɗura gas da sayen gawayi, ya kuma rabu da warin bola a ƙofar gida, zai ga amfaninta.

Saboda haka a fara da sikeli. A ware bokiti guda a tara ragowar madafa har mako ɗaya, ana aunawa kowace yamma. Idan abin bai kai kilo ɗaya a rana ba, tankin lita 1,000 da za a bayyana a nan ya yi wa gidan yawa, sai dai a nemi ƙari daga waje. Kuma ƙarin ba ya wuyar samu a Bauchi: mai tuyar masa ta unguwa tana zubar da ruwan jiƙon shinkafa da ragowar ƙullu, mai gidan abinci yana da ragowar kwanuka, masu kayan gwari a kasuwar Muda Lawal da ta Wunti kuwa kullum suna tsince ruɓaɓɓen tumatir da kankana su zubar.

Abin da ke faruwa a cikin tanki

Dole a fahimci wannan, domin a kansa sauran aikin ya ginu. Ƙwayoyin halittar da ke aiki a cikin tanki sun kasu gida biyu manya. Rukunin farko suna narka abinci su mayar da shi ruwa mai tsami, kuma suna da saurin aiki da saurin hayayyafa. Rukuni na biyu su ne ke cinye wannan tsami su fitar da iskar miten, wadda ita ce mai kama wuta. Su kuwa masu nawa ne, ba sa jure iskar da muke shaƙa, ba sa son sanyi, kuma tsami idan ya yi yawa yana tsayar da aikinsu. Asalin mazauninsu a wurinmu shi ne tumbin shanu da sauran dabbobi masu tuƙa, shi ya sa da kashin shanu ake tayar da tanki.

Idan aka cika wa tanki abinci fiye da ƙima, rukunin farko za su tara tsami cikin kwana biyu ko uku fiye da abin da na biyu za su iya cinyewa, tsamin ya danne na biyun, gas ya tsaya, mai tanki kuma ya ga gas ya ragu ya ɗauka yunwa ce ya ƙara abinci. Wannan ita ce hanyar da ta fi kashe ƙananan tankunan gida. Mafi alheri a ɗauki tanki tamkar dabbar turke, wadda ake ba abinci daidai cikinta, a kan lokaci, kowace rana.

Gas ɗin da lafiyayyen tanki ke bayarwa kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari miten ne, mafi yawan saura kabon dayoksaid ne wanda ba ya ci da wuta, sai tururin ruwa da ɗan haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Zafin da ƙwayoyin suka fi so yana tsakanin digiri 30 da 40 a ma'aunin Salshiyas, wanda yanayinmu ke bayarwa kyauta a mafi yawan watannin shekara.

Haɗa tankin

Ana bukatar baƙin tankin ruwa na roba mai lita 1,000, da wani ƙarami mai lita 750 wanda zai shige cikinsa. Kamfanoni sun bambanta wajen faɗin tankunansu, don haka a je shago da tef a auna su biyun kafin a biya kuɗi. Abin da ake nema shi ne ƙaramin ya shiga babban yana hawa da sauka ba tare da ya maƙale ba, amma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku, domin duk gas ɗin da ya taso ta wannan tazara a iska yake tafiya. Za a yanke saman kowannensu. Babban shi ne cikin da abinci ke ruɓewa, ƙaramin kuma za a kifa shi a ciki, bakinsa a ƙasa, gindinsa ya zama rufi. Gas na taruwa yana ɗaga shi sama, ana girki yana nutsewa, ta haka uwargida tana iya sanin yawan gas ɗin da take da shi daga ƙofar madafa.

Wurin da za a ajiye shi ya zama a tsakar gida ko bayan ɗaki inda rana ke bugawa mafi yawan yini, nesa da murhun itace da wurin wasan yara, kuma kada ya yi wa madafa nisa fiye da mita 10 zuwa 15. A yi masa daɓen siminti mai daidaito, domin cikakken tanki nauyinsa ya kusa tan ɗaya, kuma idan ya karkata ƙaramin zai riƙa gogar gefe.

Babban tankin yana bukatar huda uku. Ta farko a gefe kusa da gindi, inda bututun zuba abinci mai faɗin inci 3 zai shiga ya miƙe har tsakiyar tankin, daga waje kuma a sa masa gwiwa ya tashi tsaye har ya ɗara bakin tankin tsawo, a ɗora masa mazurari da murfi. Ta biyu a ɗaya gefen, kimanin taƙi ɗaya ƙasa da baki, inda bututu mai inci 2 zai riƙa fitar da tsohon ruwa duk lokacin da aka zuba sabo. Nisanta su biyun da juna yana da dalili: idan suna kusa, abincin da aka zuba yau zai fita yau bai ba da komai ba. Ta uku ita ce ƙofar wanke tanki da galibi ake sayar da shi da ita a gindi, wadda za a bari a rufe. A kowace huda a yi amfani da mahaɗin tanki mai zoben roba ciki da waje, a ɗaure sosai, kada a dogara da gam kawai. A cikin tankin a ajiye bulo biyu a gefe da gefen bututun abinci, domin idan ƙaramin ya sauka ya zauna a kansu, nauyinsa kada ya karya bututun.

Ƙaramin tanki huda ɗaya yake bukata, a tsakiyar rufinsa, inda za a sa makunnin gas mai rabin inci da bakin da tiyo zai kama. Daga nan mai walda ya kafa ƙarafa huɗu kewaye da babban tankin, ya haɗa su da gicciye a sama, domin su riƙe ƙaramin a tsaye idan ya tashi, su kuma hana shi ficewa gaba ɗaya idan gas ya cika ko iskar farkon damina ta taso. A yi duk aikin walda kafin a zuba komai a tanki.

Wanda ke son gwaji da kuɗi kaɗan yana iya farawa da shuɗin duro mai lita 200 da ke rufuwa ruf, ya tara gas ɗin a tub ɗin tayar babbar mota. Ƙa'idojin duka ɗaya ne, sai dai a raba yawan kashin shanu, abinci da ruwa gida biyar, kuma wutar ba za ta wuce ta 'yan mintoci ba.

Tayar da shi

A samo ɗanyen kashin shanu na ranar, cikin bokitin fenti mai lita 20 sau biyar zuwa goma, daga wurin masu kiwo ko kasuwar shanu. Busasshen da rana ta gasa ba shi da amfani a nan. Idan aka samu abin da mahauta ke zubarwa daga tumbi a mayanka aka haɗa da shi, ya fi saurin tashi. A tambaya ko an yi wa dabbobin allurar kashe ƙwayoyin cuta a 'yan kwanakin, domin maganin yana fita a kashi ya raunana masu aikin. A dama kashin da ruwa daidai yawansa, a tsince ciyawa da tsakuwa, a zuba, sannan a cika da ruwa har ya fara fita ta bututun sama. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya fi. Ruwan famfo irin wanda ake tacewa daga madatsar Gubi yana ɗauke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, don haka a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen mazubi kafin a yi amfani da shi.

A buɗe makunni, a kifa ƙaramin tankin a hankali har ya nutse iskar cikinsa ta fita, sannan a rufe. Bayan haka babu abin yi sai jira, kuma ba a zuba abinci ko kaɗan. A lokacin zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu za a ga rufin ya fara ɗagawa, a lokacin sanyi yana iya kai mako uku ko fiye. Gas ɗin da ya fara taruwa haɗe yake da ragowar iska, kuma miten idan ta gauraya da iska tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari fashewa take yi idan ta ga wuta. Don haka cikar farko da ta biyu a buɗe makunni a sake su a sarari, babu ashana, babu sigari, babu murhu a kusa. Ta uku ce ake gwadawa, kuma a kan murhu ake gwadawa, ba a bakin tanki ba.

Harshen wutar bayogas shuɗi ne mai haske-haske, da rana kusan ba a ganinsa. Mutum yana iya ƙyasta ashana ya ji ɗan huci ya ɗauka ba ta kama ba, alhali tana ci. A miƙa busasshen tsinke a kan murhun, idan bakinsa ya yi baƙi ya fara hayaƙi, to tanki ya tashi.

Ciyar da shi

A makon farko rabin kilo a rana ya isa. Kowane mako a ƙara rabin kilo, ana lura da yadda rufin ke tashi, har a kai kilo 2 ko 3. Tankin lita 1,000 da ba a motsa cikinsa bai kamata a wuce masa kilo 4 ba, kuma wannan ma sai a watannin zafi. A raba abincin gida biyu, safe da yamma.

Girman gutsuren yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Ɓawon doya da aka jefa yadda yake zai daɗe bai narke ba, yana iya toshe bututu, amma wanda aka yayyanka aka kirɓa a tsohon turmin da aka ware don wannan aiki yana fara ba da gas cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye bokiti mai murfi a gefen wurin wanke-wanke. Kafin a sa kwano a ruwan omo, a kankare ragowar cikinsa a bokitin, a ɗauraye shi da ruwa zalla a juye a ciki. Ruwan wankin shinkafa, da ƙasari, da ruwan da aka tace taliya duk su shiga nan a maimakon sabon ruwa. Da yamma a kirɓa masu tauri, a dama gaba ɗaya har ya zama ruwa-ruwa yana zuba ba tare da gudaji ba, a ɗaga murfin mazurari a juye, a bi shi da kofi biyu na ruwa don wanke bututun. Nan take za a ga baƙin ruwa yana fita ta ɗaya gefen, sai a tare shi a wani bokitin.

Jimillar abin da ake zubawa a rana, abinci da ruwansa, ta tsaya a lita 20 zuwa 25. Dalili kuwa shi ne tankin yana riƙe da wajen lita 800, kuma ana so abin da ya shiga ya yi kwana 30 zuwa 40 kafin ya fita. Wanda ke juye duk ruwan gidan a ciki yana kore ƙwayoyin ne kafin su hayayyafa.

Abubuwan da ba sa shiga sun haɗa da ruwan omo da sabulu da sinadarin wanke banɗaki, waɗanda ke kashe ƙwayoyin kai tsaye. Ƙashi, ɓawon ƙwai, yashi da leda ba sa narkewa, taruwa suke yi a gindi su cinye wuri. Ɓawon lemo da na lemun tsami suna da wani mai da ke hana ƙwayoyin aiki, kaɗan ba ya komai amma kada mai sayar da lemo ya zama shi ne mai kawo kaya. Manja da man gyaɗa suna da gas mai yawa, sai dai idan suka yi yawa suna tasowa su yi kauri a sama su toshe hanyar gas, don haka ragowar man suya a riƙa sa shi cokali-cokali. Kashin kaji ma kaɗan ake sawa saboda ƙarfinsa. Busassun kaya masu itace-itace, irin ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ɓuntun shinkafa da kara, ba na wannan tanki ba ne. Su hanyarsu daban ce: a ƙona su a rufaffen duro su zama gawayi, a daka, a cura da ɗan kunun rogo, a shanya.

Idan ya yi tsami, da idan hunturu ya shigo

Lafiyayyen tanki ruwan da yake fitarwa baƙi-baƙi ne, warinsa na taɓo ne, ba mai tayar da zuciya ba. Alamar farko ta matsala ita ce ruwan ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa yana warin tsami mai kaifi. Daga nan sai a ga rufi yana tashi amma wutar tana tsalle daga kan murhu tana mutuwa, ko ta ƙi kamawa sam, domin kabon dayoksaid ya rinjayi miten. Wanda zai iya, ya sayi takardar gwajin tsami ta pH a shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da tsada. Tsakanin 6.8 da 7.5 lafiya lau ne, ƙasa da 6.5 kuwa tanki yana neman taimako.

Maganin farko shi ne a daina ba shi abinci gaba ɗaya, mako ɗaya ko biyu. Wannan ne ya fi yi wa mutane wuya, domin ragowa tana taruwa, amma babu makawa. A cikin wannan lokaci a dama ɗanyen kashin shanu bokiti biyu ko uku a zuba, domin a ƙara yawan masu cin tsamin. Idan gwaji ya nuna tsamin ya yi nisa, a jiƙa tokar itace a tace ruwanta, ko a narka kanwa cikin tafin hannu ɗaya a bokitin ruwa, a zuba, a jira kwana ɗaya a sake gwadawa kafin a ƙara. Kada a yi gaggawar juye kanwa da yawa, domin gishirinta ma yana cutar da ƙwayoyin. Idan wuta ta dawo, a koma rabin kilo a sake hawa a hankali kamar farko.

Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da sanyin dare ke sauka sosai a Bauchi, gas zai ragu ko da an yi komai daidai, domin ƙasa da digiri 20 aikin ƙwayoyin yana ja baya ƙwarai. Kuskuren da ake yi shi ne a ci gaba da ba da abinci irin na watan Afrilu, sai tanki ya yi tsami a tsakiyar hunturu. A rage abincin zuwa rabi. A naɗe jikin babban tankin da buhunan da aka cusa wa ciyawa ko ƙaiƙayi, a kewaye shi da zana ta ɓangaren arewa maso gabas inda iskar ke fitowa, a bar samansa rana ta buga. A mayar da lokacin ciyarwa zuwa bayan azahar, da ruwan da ya wuni a rana a cikin baƙar jarka. Ruwan zafi daga wuta ba a zuba shi, domin sauyin zafi na farat ɗaya ya fi sanyin kansa illa. A tsakiyar damina ma, idan hadari ya yi kwanaki bai washe ba, ana ganin raguwa kaɗan.

Tiyo, murhu da tsaro

Gas ɗin yana fitowa da danshi, kuma danshin yana zama ruwa a cikin tiyo. Idan aka ji murhu yana ƙugi wuta tana rawa, ruwa ne ya taru. A shimfiɗa tiyon da ɗan gangare, a wurin da ya fi ƙasa a sa mahaɗi mai baki uku da ƙaramin makunni, ana buɗewa ana zubar da ruwan duk mako. Domin rage warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda kuma ke cin ƙarfen murhu, a ratsa gas ɗin ta cikin gutsuren bututu mai faɗi da aka cusa wa soson ƙarfe mai tsatsa. Idan soson ya yi baƙi a canja shi, tsohon kuma a jiƙa shi a baza a waje, domin yana ɗaukar zafi idan ya haɗu da iska.

Murhun silinda ba ya aiki da bayogas yadda yake, domin ƙofar da gas ke fita a cikinsa ƙarama ce ƙwarai, an yi ta ne don gas mai ƙarfin turi. Ko dai a sayi murhun da aka ƙera don bayogas, ko mai gyaran murhu ya faɗaɗa ƙofar zuwa wajen milimita 2 ya kuma rage wurin shigar iska. Murhun da aka yi wa haka kada a sake haɗa shi da silinda har abada, kuma ya kamata a yi masa alama da fenti. Idan wutar ba ta da ƙarfi, a ɗora bulo ɗaya ko biyu a kan rufin tanki lokacin girki, a sauke bayan an gama.

Duk wata a gwada yoyo. A kaɗa omo a kofi har ya yi kumfa, a ɗora nauyi a kan rufi, a shafa kumfar da soso a kan makunni da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Inda ke yoyo za a ga ƙananan ƙwallayen kumfa suna kumbura ɗaya bayan ɗaya. A kula kada ruwan omon ya gangara cikin tanki.

Tanki ba ya zama a cikin ɗaki ko rufaffen shago, madafa kuma ta kasance mai taga. A rufe makunnin kan tanki bayan kowane girki, ba na murhu kaɗai ba. Tazarar da ke tsakanin tankunan biyu a lulluɓe ta da tsohon gidan sauro. Kada kowa ya yi yunƙurin ɗura wannan gas a silinda da injin hura taya: miten ba ta zama ruwa a zafin da muke ciki kamar gas ɗin silinda, abin da zai shiga kaɗan ne, haɗarin shigar iska da fashewa kuwa babba ne. Batun janareta ma a ajiye shi, domin gas ɗin yini guda na tankin gida ba zai riƙe shi ko rabin awa ba.

Ruwan da ke fita

Lita 20 ɗin da ke fita kullum taki ne mai kyau, domin sinadaran da shuka ke bukata ba sa tafiya tare da gas, suna nan a cikin ruwan a yanayin da saiwa ke saurin sha. A sirka shi da ruwa ninki biyu ko uku a zuba a gindin zogale, gwanda, mangwaro, ayaba ko masarar bayan gida, da yamma, a kan ƙasa ba a kan ganye ba. Kayan da ake ci ɗanye irin latas da kabeji kada a ba su shi idan an kusa cira. Wanda ba shi da shuka ya tara a jarka ya ba masu lambu, kada ya sake shi a magudanar unguwa. Ana kuma iya mayar da kashi ɗaya cikin huɗu nasa a dama sabon abinci da shi, wanda ke rage bukatar ruwa yana kuma taimakawa wajen danne tsami.

Bayan shekara ɗaya ko biyu laka da yashi za su taru a gindi. A ƙone gas ɗin da ke ciki a murhu, a buɗe makunni, a ɗaga ƙaramin tankin a ajiye gefe, a bar babban ya sha iska na wasu awanni, kuma kada kowa ya zura kansa ciki, domin iskar da ke kwance a wurin tana iya sumar da mutum. A kwashe rabin ruwan sama a ajiye a durorin da aka rufe, a fitar da lakar ta ƙofar gindi, sannan a mayar da ruwan da aka ajiye a cika da sabo. Da wannan tsohon ruwa tankin zai koma aiki cikin 'yan kwanaki ba tare da an sake neman kashin shanu ba, kuma cikar farko bayan wankin a sake ta a sarari kamar yadda aka yi ranar tayarwa.